Awon Ƙafar Rabe

Yau kwana arba'in da biyar ke nan da muka kai ƙanena Rabe makwancinsa a Kurfi, Allah ya jiƙansa. Ku 'ya'yana da 'ya'yansa, kun taso kuna jin labari guda a kaina, cewa ni ne yayan da ya haƙura da komai, ya zauna a rumfar dukanci, ya ɗinka wa ƙanensa takalmin da ya fara fitar da shi duniya. Rabe ne ya baza labarin nan da bakinsa, a rediyo da jarida, har ranar da aka sa sunansa a zauren da ake girmama gwanayen ƙwallon kwando a Legas sai da ya sake faɗinsa. Yanzu masu zauren sun aiko wa babbar 'yarsa, Hajara, suna son takalmin su sa a gilashi, suna kuma so in rubuta 'yan layuka a manna a gefensa. Na zauna in rubuta layukan, hannuna ya ƙi. Wannan rubutun shi ne abin da ya fito a maimakonsu. Karatuna bai wuce aji bakwai ba, ku yi haƙuri da yadda zan jero shi.

Gidanmu gidan dukawa ne tun kakanni. Baba yana da rumfa a ƙofar gida, ranar kasuwa kuma mu ɗaure kaya a keke mu nufi Dutsin-Ma. Mu biyu ne maza da suka rayu, ni Lawal na fari, sai Rabe da na ba shekara huɗu. Dukanmu dogaye ne, tsawon dangin Inna muka ɗauko, mutanen Ɗantutture, waɗanda sai sun sunkuya suke shiga zaure. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari, kamar yadda kowace uwa take yi a lokacin. In tana nemana sai ta ce, "Ina wancan?" Rabe kuwa sunansa a bakinta yake daga safe har magariba. Rabe zo ka sha fura, Rabe kar ka shiga rana, Rabe wa ya taɓa ka. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma abin da kunnena ya riƙa ji ke nan ina yaro, kuma ya zauna.

Shekarar da na gama aji bakwai, yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Zare ya daina shiga masa basilla, wuƙa ta fara kauce masa daga layi. Ba a yi shawara da ni ba. Muna cin tuwo a zaure ya yanke maganar.

"Babba shi zai riƙe rumfa," in ji Baba. "Ƙarami ya je ya yi bokon, ko takardar asibiti ya riƙa karanta mana."

Washegari na hau buzunsa.

Dole in bayyana maku yadda muke auna ƙafa, don duk maganar a nan take. Mai takalmi zai taka takardar buhun siminti, ka zagaye ƙafarsa da fensir. Bayan nan sai ka ɗauki basilla ka bi ta wajen zanen, kana barin faɗin ɗan yatsa, kana hudawa ɗigo-ɗigo. Layin hujin nan shi wuƙa take bi a kan fata da kuma tayar da ake yin ƙasan takalmi da ita. Faɗin yatsan da ka bari shi ne wurin da ƙafa take shan iska. In an gama aiki, sai ka naɗe takardar ka cusa a cikin takalmin ka ba mai shi, in ya tashi sake wani ya zo da abarsa. Baba bai yarda a riƙe wa mutum awonsa ba, ya ce kayansa ne kamar hularsa. Tun muna ƙanana ya koya mana wannan, ni da Rabe, har hannunmu yana yi ba sai mun tuna ba.

Ni ƙwallon kwando ta fara samu, ba Rabe ba. Wannan ko a jarida ba a taɓa rubutawa ba. Wata ranar kasuwa a Dutsin-Ma wani gajeren mutum ya tsaya a gaban rumfata da ƙwallo a hammata. Malam Bitrus ke nan, Kirista ne mutumin Filato, malamin wasanni a wata kwaleji da ke garin. Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan.

"Baduku, kana iya ɗinke wannan? Bakinta ya buɗe."

"Ƙwallon ƙafa ce ta kumbura haka?" na tambaye shi.

"Wannan ba a sa mata ƙafa. Kai, tsaya. Tashi tsaye in gan ka."

Na miƙe, kaina ya bugi karan rumfa. Ya ja da baya yana kallona daga sama har ƙasa, ya tafa hannu.

"Allah ya yi ka don wasan nan, ya kuma ajiye ka a kan buzu kana huda fata! In ka tashi kasuwa ka kawo mani ita da kanka."

Na kai masa. Filin siminti ne, da allon katako a kan turaku biyu, da zoben ƙarfe da wani maƙeri ya lanƙwasa masu. Ya ce in jefa, na jefa, ta shiga. Ya ce in ja baya in sake, ta sake shiga. Hannun da ya saba nemo ramin basilla bai sha wahalar nemo wannan ƙaton zoben ba. Daga ranar, duk ranar kasuwa in na yi la'asar sai in ɗaure kayana in wuce filin, in yi wasa da ɗalibai ba takalmi, har rana ta yi ja. Ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar wannan awa ɗayar ba. A nan ne kaɗai ake kiran sunana da ƙarfi. Lawal, miƙo! Lawal, jefa!

Da Rabe ya samu shiga kwalejin, ni na kama hannunsa na kai shi filin. Ƙwallo tana bugun hancinsa, ƙafafunsa suna harɗewa, ɗalibai suna dariya. Ni na koya masa yadda ake ware yatsu a kanta. Ni na koya masa in zai tashi sama ya dogara da ƙafar hagu, hannun dama ya kai ƙwallo. Shekara biyu ina koya masa, ina jin daɗi, don a lokacin ni ne gwani shi ne ƙanen gwani. Sai dai shi kullum yana filin, ni sau ɗaya a mako. Wata rana na tashi in tare shi, na ga gwiwarsa a daidai ƙirjina. Da ya sauko, Malam Bitrus bai kalle ni ba, shi yake kallo.

A shekarar nan takarda ta zo daga Kaduna, lokacin can ne babban birnin jiharmu. Za a yi gwajin 'yan wasa, a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha, wanda ya yi fice kuma hanyar jami'a ta buɗe masa. Malam Bitrus ya zo har rumfa, ya zauna a kan benci, ya daɗe yana juya wani takalmi da ba nasa ba.

"Lawal, na tambaya maka. Har sau biyu na rubuta. Sun ce sai ɗalibi mai lambar makaranta."

"Ba komai, Malam."

"Da komai. Jifarka ta fi ta kowa a filin nan. Amma Rabe zai je, jininku ɗaya ai."

Haka kowa ya riƙa ce mani, jininku ɗaya. Sharaɗin gwajin kuwa, ba mai shiga fili ba takalmi. Aka zagaye kasuwar Dutsin-Ma, aka aika Katsina, ba a samu kambas ɗin da ƙafar Rabe ta shiga ba. Da maganar ta kai kunnen Baba sai ya yi tsaki.

"A gidan dukawa a rasa takalmi? Lawal, auna ƙanenka. Ka ɗauki jar fatar nan da na ɓoye."

Fatar da ya ce zai yi mani takalmin aure da ita ce.

Da hantsi na auna shi, a ƙofar gida. Maƙwabta sun taru, ana ta zolaya. Wani ya ce buhun siminti ɗaya ba zai isa ba, a ƙaro na biyu. Daga cikin gida muryar Inna tana fitowa, tana gaya wa mata Rabe zai tafi Kaduna, Rabe gwamnati ta kira. Shi kuma yana tsaye a kaina, ya dafa kafaɗata don kar ya faɗi.

"Yaya, ka yi mani mai fiffike."

"Tsaya da kyau, kar ka motsa," na ce.

Na zagaye dama, na zagaye hagu, zane ya fita daidai. Mutane suka watse, Rabe ya shiga shan fura, na rage ni kaɗai da takarda da basilla. Na huda ta dama kamar yadda aka koya mani. Na fara ta hagu daga dunduniya, na biyo gefe, ina barin faɗin yatsa. Da na zo kan babban ɗan yatsa, sai na shigo da basillar cikin zanen. Huji bakwai na yi a ciki. Ina so ku karanta wannan da kyau: ba kuskure ba ne, ba gyangyaɗi ba ne, rana tana sama, idona biyu. Na san da wannan ƙafar yake tashi, ni na koya masa. Da na zo ɗinki kuma na ninka fatar bakin takalmin biyu, don kar ta saki.

Ban yi nufin in nakasa shi ba, Allah shi ne shaida. So na yi ya ɗan yi nauyi, wani ya riga shi, ya dawo gida a ce an gode, mu koma filin Malam Bitrus ni da shi kamar da. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Amma baduku ya san abin da taya da fata biyu suke yi wa yatsa in mutum ya yi tsalle ya diro a kan siminti.

Kwana huɗu na gama. Baba ya karɓa ya shafa da hannu, ciki da waje, tunda ido babu.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Da idonsa yana gani, da kallo ɗaya zai yi ya gane. Rabe ya sa, ya taka zuwa bakin masallaci ya dawo.

"Yaya, na hagun ya ɗan kama ni."

"Sabuwar fata ce. Za ta saki."

Ya ce to. Na karɓa na goge, na ɗaure masa a tsumma, muka raka shi tasha. Sai bayan kwana uku, ina share rumfa, na nemi takardar awon in ƙone ta, ban gan ta ba. Na ɗaga buzu, na zazzage kwandon guntayen fata. Sannan na tuna. Hannuna ya yi abin da ya saba, ya naɗe ta ya cusa a cikin takalmin. Daga baya na lallashi kaina cewa yaro mai ɗokin Kaduna ba zai tsaya buɗe takardar siminti ba, ya jefar da ita a hanya.

Bayan mako guda suka dawo. Malam Bitrus ne ya ba da labari a zaure, yana yi yana tashi tsaye. Ya ce ranar farko Rabe ya cire takalmi safa ta jiƙe da jini. Rana ta biyu ya ari reza ya tsaga bakin na hagun, ya ɗaure yatsan da tsumma ya koma fili. Rana ta uku farcen ya fita gaba ɗaya, kuma a ranar ne ya fi kowa. Shi aka fara kira.

"Sabon takalmi haka yake, sai ya ci ƙafa," in ji Malam Bitrus. "Amma da ba don takalmin nan ba, ko filin ba za a bar shi ya shiga ba."

Rabe yana zaune a gefe, ya miƙe ƙafar, Inna ta aiko da ruwan zafi da gishiri. Na kasa kallonsa. Shi ya kira ni.

"Yaya, takalminka ya yi mani rana."

Na dubi fuskarsa ina neman wani abu, ban ga komai ba sai gajiya.

Sauran kun san shi, yana cikin jaridun da kuka adana. Ya tafi jami'a a Zariya, ya zama shugaban 'yan wasansu tun yana shekara ta biyu. Da ya gama, wani kamfani a Legas ya ɗauke shi, aikinsa kawai ya buga masu ƙwallo. Ya sa koriyar rigar ƙasa. Daga baya ya yi shekaru a Masar yana wasa, ana biyansa. Abin da babu a jaridun shi ne inda nake a lokacin. In za a yi wasansu, mai shayin bakin tasha yakan ɗora rediyo a kan tebur, rabin Kurfi ta taru, har waɗanda ba su taɓa ganin ƙwallon kwando ba. Ni sai in ce ina da aikin gaggawa. Ina rumfa ina jin ihunsu, ina ƙara wa guduma ƙarfi. Garin ya sa masa suna Dogo, ni kuma na zama yayan Dogo. A gida ni ne wancan, a waje yayan Dogo. Filin Malam Bitrus ban sake taka shi ba tun ranar da suka dawo daga Kaduna.

Bai taɓa yi mani laifi ba, wannan ya fi komai ciwo. Ya kai Baba Kano aka yi masa aikin ido, ya kai Inna Makka. Shekarun da na yi ina ciyar da gidan da basilla ba wanda ya ƙirga su, don tuwon kullum ba ya zama labari. Da Baba ya dawo yana gani, abin da ya fara nema a nuna masa hoton Rabe ne da ke rataye a zaure. Na tsaya a bayansa, na ji kunyar abin da ke raina, amma bai fita ba.

Yatsan kuwa bai koma daidai ba. Farcen ya fito baƙi mai kauri, gaɓar ta karkace. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ya bar wasa, da sauran ƙarfinsa, likitoci suka ce gaɓar babban yatsan hagu ta cinye, ba ta ɗaukar tsalle. Na taɓa tambayar wani likita a fakaice, kamar labarin wani nake bayarwa, ko ciwon kwana uku yana iya jawo haka bayan shekaru. Ya ce yana yiwuwa, yana kuma yiwuwa ba shi ba ne. Da wannan amsar na zauna har yau.

Akwai abu ɗaya da Rabe bai taɓa fasawa ba, ko yana Legas ko yana Masar, in dai ya samu zuwa gida. Kafin kowace babbar Sallah sai ya zo rumfa, ya sunkuya ya shigo, ya cire takalminsa.

"Yaya, ga ƙafar nan taka. A yi mani na Idi."

"Kai da takalman Turai suka cika maka ɗaki?"

"Waɗancan ba su san ni ba. Kawo takarda."

"Ina ta bara?"

"Ka san ni da yarda kaya. Sake auna ni."

Kullum ta hagun yake fara ɗorawa. Ya dafa kafaɗata, in kama dunduniyarsa, in zagaye karkataccen yatsan nan da fensir, kaina a ƙasa. In na ɗauki basilla sai ya juya yana hira da masu wucewa, ba ya kallon hannuna. Ina barin masa faɗin yatsa biyu a wurin. Shekara fiye da talatin muna haka, ina cewa a raina Allah ya rufa mani asiri, bai sani ba.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ni na yi masa wanka, ni da limamin unguwa. Da na zo kan ƙafar hagu na daɗe, har liman ya taɓa hannuna.

Bayan sadakar arba'in Hajara ta zo da wani ƙaramin akwatin ƙarfe, ta ajiye a gabana a rumfa. Takalmin yana ciki, jar fatar ta yi baƙi, bakin na hagun a tsage kamar yadda Malam Bitrus ya faɗa. Ta sa hannu a ciki ta zaro takarda. Ta sha ninki har ta yayyage a gaɓoɓi, an lilliƙe ta da salatif, wani tsoho wani sabo.

"Baba Lawal, wannan duk tafiyar da zai yi tana cikin jakarsa. Mu mun ɗauka addu'a ce aka rubuta masa. Sai da ya kwanta ciwo ya ce a mayar da ita cikin takalmin. Ashe zanen ƙafa ne. Waɗannan ɗigo-ɗigon fa, na mene ne?"

Na shimfiɗa ta a kan gwiwata. Ga zanen fensir, ga hujina bakwai a cikin layi. Rabe ɗan baduku ne, tun yana shekara bakwai Baba ya sa masa basilla a hannu. Kallo ɗaya ya ishe shi. Ya sani tun Kaduna, wataƙila tun a mota. Ya sani ranar da ya ce takalmina ya yi masa rana. Ya sani a gaban mutanen Legas da yake kiran sunana, Lawal, cikakke, a lasifika. Ya sani duk shekarar da ya ɗora ƙafar nan a hannuna ya juya kansa.

A ranar na ce wa Hajara ta ba ni kwana biyu. Hajara, amsarki ke nan.

Ban san dalilin da ya sa ya riƙe takardar ba. Ko tana tuna masa ya yi haƙuri da ni ne, ko tana ba shi zafin da yake wasa da shi, ko jira yake in buɗe baki in ya zo awo. Sau talatin da wani abu ya ba ni dama, ban ɗauka ba. Kuma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, bari in ƙarasa ta. Da na gane ya sani ya yi shiru, abin da ya fara zuwa raina ba nadama ba ce. Cewa na yi, har a nan ma ya fi ni. Sai bayan wannan hawaye suka zo. Ina neman gafarar Allah, tasa kuwa na makara.

Game da masu zaure, ga abin da nake so, in kun yarda, ku 'ya'yan Rabe, don mahaifinku ne. A kai takalmin. A kai takardar, a shimfiɗa ta a buɗe a gefensa. Kar a rubuta haƙuri ko sadaukarwa a jikin sunana. A rubuta cewa Lawal baduku, mutumin Kurfi, shi ya ɗinka, ya rage na hagu da gangan, mai takalmin ya sani, ya yi wasa da shi aka zaɓe shi.

Takalminsa na Idin bana na riga na yanka kafin ya kwanta ciwo, yana nan rataye a rumfa, ba wanda ƙafarsa za ta cika shi. Takardar awonsa tana ciki. Baba ya hana a riƙe wa mutum awonsa, kuma ban taɓa saɓa masa a kan haka ba, ko ranar da saɓawar za ta rufa mani asiri. Wannan ɗayar dai na riƙe.